Tsegumi: Mowa da Bora a Gidan Ford

Matso kusa, mai karatu, ka kuma rage murya. Maganar yau ba a yin ta da ƙarfi a filin baje kolin motoci na Pomona, don masu ita suna da dogon kunne da gajeren haƙuri. Zancen mutanen Kalifoniya ne masu tsuma tsofaffin motoci, waɗanda kan ɗauko Ford ta zamanin kakanninsu, su tuɓe mata duk wani kaya mai nauyi, su ɗura mata injin da ya fi ƙarfin shekarunta, su kira ta hotrod. A gidan nan mata biyu ne masu yawo kai a buɗe: rosta da kabriyole. Rosta ce mowa. Ita ake ɗauka hoto, ita ake ba kofi, ita ake yi wa kirari. Kabriyole kuwa bora ce, tana can gefen fili kusa da masu sayar da tsofaffin kayan gyara, mai wucewa ya leƙa ya taɓe baki ya yi gaba. Abin da kunnena ke jiyowa 'yan shekarun nan shi ne, manyan masoyan mowa sun fara zagayawa ɗakin bora a ɓoye, kuma ba sa so a sani.

Ka fara sanin wacce ce wacce

Wanda bai saba ba zai rantse mota ɗaya ce. Kowacce kujera ɗaya gare ta a gaba mai ɗaukar mutum biyu, da rufin tamfol da ake naɗewa baya, sannan galibi da wata 'yar kujera a ɓoye inda but ya kamata ya kasance, wadda ake ɗaga murfinta a cusa yara ko suruki su sha iska. Bambancin yana ƙofa da gilashin gaba.

Ƙofar rosta siririya ce, gajeriya, babu gilashi a cikinta. In ruwa ya sauko sai direba ya tsaya ya zaro labulen gefe ya maƙala su ɗaya bayan ɗaya, kafin ya gama ya riga ya jiƙe. Gilashin gabanta a kan sanduna biyu yake, ɗaure da noti, mai sufana a hannu na iya kwance shi cikin ɗan lokaci. Ƙofar kabriyole kuwa kauri gare ta da tsayi, da gilashin da ake wanawa sama da ƙasa. Ginshiƙan gilashin gabanta a jikin bodi suke, ba sa fita sai da zarto. Rufinta yana saukowa ya haɗu da gilashin ƙofa ya rufe ruf. Kamfani ya ƙera ta ne don mutumin da ke son iska ranar Lahadi amma yake so ya isa ofis ranar Litinin da busasshiyar kwat.

Riƙe wannan zance na noti da zarto, don duk rigimar daga nan ta taso.

Lissafin da ba a so a karanta da ƙarfi

Shekarar da ake rantsuwa da ita a harkar nan ita ce 1932. Ranar 31 ga Maris na shekarar Henry Ford ya fito da injinsa mai silinda takwas, mai ƙarfin doki 65, a cikin motar da mai ƙaramin ƙarfi zai iya tunkara. Ɗansa Edsel ya tsaya kan fasalin bodin har ta fito da fuska irin ta motocin Lincoln. Shekara guda kawai aka yi wannan samfuri, kuma 'yan harka suna kiran sa Deuce. Rosta ta alfarma mai silinda takwas dala 500 aka sa mata, kabriyole dala 610. A shekarar da karayar tattalin arziki ta sa magidanta a Amurka layin karɓar abinci kyauta, dala 110 ba abin wasa ba ce. Sai aka ƙera rosta kimanin dubu 12, kabriyole kuwa kusan rabin haka.

To ka ji. Motar da ake rubuta wa "ba a samun irinta" a kowane tallan gwanjo ta ninka kishiyarta yawa tun daga masana'anta. Masu rosta sun san wannan lissafi sarai, sai dai in ka tayar da shi sukan tuna suna da wani uzuri a ɗaya gefen filin.

Amma kada masu kabriyole su yi saurin rangaɗa guɗa. Daga 1933 lissafin ya juye. Amurkawa sun ɗanɗana gilashin ƙofa, suka ƙi komawa labule. A 1934 an ƙera kabriyole sama da dubu 14, rosta kuwa dubu biyar da 'yan kai. A 1936 rosta ba ta kai dubu huɗu ba. A 1937 guda 1,250 kacal aka yi, daga nan Ford ta daina ƙera ta a Amurka. Saboda haka in dillali ya dafa kafaɗarka ya ce kabriyole ce, ai ba a samun su, tambaye shi ta wace shekara. In ta 1932 ce, gaskiya ya faɗa. In ta 1935 ce, la'adarsa yake nema.

Akwai ma wata ta uku a gidan da ta fi su duka ƙaranci, wadda ake kira B-400, mai ƙofa biyu da kujerar baya a ciki da rufin tamfol mai zugewa baya. Masu silinda takwas da aka ƙera a Amurka ba su kai dubu ɗaya ba. Ita ce a wani hoto da 'yar fashi Bonnie Parker ta ɗora ƙafa kan bamba da sigari a baki. Duk da haka, bangon mujalla nawa ka gan ta a kai? Ƙaranci shi kaɗai bai taɓa ba wata mota sarauta a gidan nan ba.

Waɗanda suka ɗaure wa rosta gindi

Ruwa ba ya tsami banza. Samarin Los Anjeles na shekarun 1930 talauci ne ya haɗa su da rosta kafin soyayya ta biyo baya. Ita ce mafi araha a wurin masu sayar da motocin hannu, ita ce mafi rashin nauyi, kuma Kudancin Kalifoniya ƙasa ce da ruwan sama bai cika damun mutum ba. Ranar Asabar su kama hanyar hamadar Mojave zuwa busassun tafkuna, Muroc da maƙwabtansa, inda ƙasa ta daskare ta yi sumul iya ganinka. Da isa sai su kwance gilashin gaba, su cire fitilu da madigadi su zube a gefe, su gwada gudu da sassafe, da yamma su mayar da komai su koma gida, Litinin su tafi wurin aiki da motar. Mai kabriyole fa? Gilashin gabansa na nan tsaye ƙiƙam yana tare iska, ƙofofinsa cike da ƙarfen wana gilashi, ya biya kuɗi fiye da abokinsa don ya zo bayansa. Wane saurayi ne zai yi wannan ciniki?

A ƙarshen 1937 kulob-kulob ɗin samarin suka haɗu suka kafa ƙungiyar SCTA don tsara tseren da auna gudu, suka yi taronsu na farko a Muroc a watan Mayun 1938. A shekarunta na farko ƙungiyar ba ta karɓar mota mai rufin ƙarfe. Ke nan doka ta zo ta hatimce abin da aljihu ya riga ya zaɓa. Vic Edelbrock, wanda sunansa ke jikin kayan inji har gobe, rosta ta 1932 ya saya a 1938, a kanta ya gwada bututun kafireto biyu da ya ƙera, da ita kuma ya haura mil 121 a awa makonni kaɗan kafin harin Pearl Harbor. Masu rufin ƙarfe sai wata ƙungiya, Russetta, suka koma, har 'yan'uwa biyu Bob da Dick Pierson suka zo da Ford ta 1934 da aka datse wa rufi, ta ba rostoci kunya wajen 1950, aka dinga haɗiyar yawu. Su dai masu rufin ƙarfe sun ƙwaci mutuncinsu da gudu. Kabriyole ta tsaya tsakiya: ta yi wa rosta nauyi, ba ta kuma da santsin rufin ƙarfe da ke ratsa iska.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai 'yan jarida suka shigo. Robert Petersen ya fito da mujallar Hot Rod a watan Janairun 1948, kuma rosta ce a bangon fitowar farko, Ford Model T ta 1927. A watan Oktoba na shekarar aka sa jar rostar Bob McGee ta 1932, wadda ta zama ma'aunin da ake gwada kowace da shi. Yaron da ke zaune a jihar da ƙanƙara ke rufe ƙofa wata huɗu ya buɗe mujalla ya ga rosta, ya sa wa ransa ita, ko da sanyi zai kashe shi.

Sai babban hatimi. A 1950 Al Slonaker ya shirya baje koli a Oakland, ya kafa kofi mai tsayin ƙafa tara don rostar da ta fi kowace kyau a Amurka. Bill NieKamp ne ya fara ɗauka da Ford Model A ta 1929. Bajen kolin ya koma Pomona a 2004, kofin na nan, sharaɗinsa ma na nan: motar da aka ƙera da gilashin ƙofa mai wanuwa ba ta cikin takara. Ka kashe dukiyarka kaf a kan kabriyole, ka goge ta har ka ga haƙoranka a fentinta, masu alƙalanci za su yaba, su wuce. A 1957 kuma aka kafa kulob ɗin L.A. Roadsters, wanda taronsa na Ranar Uba ya zama idin masu rosta. Sunan kulob ɗin kaɗai ya gaya maka wa ke da gida.

Daga nan girma ya yi ta hawa kan girma. A 1997 taron Pebble Beach, inda attajirai ke baje motocin Duesenberg da Bugatti, ya buɗe wa hotrod aji a karon farko, rostar Doane Spencer ta 1932, mallakar Bruce Meyer, ta ɗauki na ɗaya. A 2007, da Deuce ta cika shekara 75, aka zaɓo guda 75 mafi tasiri aka baje su a Pomona, rosta da masu rufin ƙarfe suka cinye jerin. A 2014 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki guda biyu na hotrod, dukkansu rosta ta 1932. A 2017 aka shigar da ta McGee rajistar motocin tarihi ta ƙasa, aka ajiye ta cikin akwatin gilashi a dandalin birnin Washinton jama'a na kallo. Duk wannan biki, ko katin gayyata ba a kai wa kabriyole ba.

Inda bora ta sami mafaka

Ba kowa ne ya guje ta ba. Akwai wani ɓangare na 'yan mota da gudu bai dame su ba, su kwalliya suka sa gaba: a kwantar da mota ƙasa, a shafe duk wani ƙyale-ƙyalen kamfani, a yi mata fenti mai duhu, a bi titi a hankali 'yan mata na kallo. Su ne suka gane amfanin gilashin ƙofa. A 1935, a shagon Amos Carson da ke Los Anjeles, wani ma'aikaci mai suna Glen Houser ya ɗinka rufi mai laushi da aka cusa wa auduga, wanda ba ya naɗewa, sai dai mutum biyu su ɗage shi gaba ɗaya su ajiye. Rufin Carson ke nan. In aka datse ginshiƙan gilashin gaba aka ɗora wannan rufi, aka wana gilashin ƙofa ya haɗu da shi, sai motar ta fito doguwa, a kwance, mai kwarjini. Harry Westergard na Sacramento da waɗanda suka biyo sahunsa sun yi suna da irin wannan aiki a kan Ford ta tsakiyar shekarun 1930. A wannan unguwa kabriyole da 'yan'uwanta masu gilashin ƙofa su ne manya.

Sai dai ga abin da masu garejin ke faɗa in maigidan mota ya ba da baya. Rage tsayin gilashin rosta aikin yini ne: a yanke sanduna biyu, a yanko sabon gilashi, a ɗaure. In ma mutum na son burga sai ya sayi gilashin DuVall mai kusurwa a tsakiya, irin wanda ke kan motar Doane Spencer, ya ɗora. Rage na kabriyole kuwa aikin fanel bita ne gwani. Za a yanka ginshiƙi a yi walda, a sake yanka gilashin ƙofa, a gyara hanyar da yake bi, a rage ƙarafan rufi ta yadda zai ci gaba da naɗewa, a kuma tabbatar duk sun haɗu ba tare da ruwa ya sami kafa ba. Kuskuren rabin inci ya isa ya sa ƙofa ta ƙi rufuwa. Ga itacen da ke cikin bodin, wanda shekara casa'in ta riga ta cinye. Ga ƙananan ƙarafa na rufi da na gilashi waɗanda ita kaɗai ke amfani da su, in ɗaya ya ɓata sai an yi cigiya jiha jiha. Shi ya sa za ka ji mai gareji na zuga mutum ya sayi rosta, yana ce masa ita ce ta gargajiya. Gargajiyar gaskiya ce, amma har da son aikin da zai fita da wuri.

Rostocin da Henry bai san da zamansu ba

Yanzu mu shiga inda ake rufe ƙofa. Tsohon barkwanci ne a harkar nan cewa rostocin 1932 da ke kan titi yau sun fi waɗanda Ford ta ƙera yawa. Ana faɗa ana dariya, amma ba wanda ya taɓa tashi ya ƙaryata. Shekaru da dama kamfanoni irin su Wescott a jihar Oregon suna zuba bodin rosta na faiba. Daga baya Brookville Roadster a jihar Ohio ta shiga buga shi da ƙarfe, sak na asali, har ana ɗaukar ƙofar sabo a ɗaura wa tsoho. Shasi ma sabo ake bugawa. Mutum na iya haɗa rosta ta 1932 tun daga taya har sitiyari babu ƙusa ɗaya da ta taɓa ganin masana'antar Ford. Kamfanonin ba su ɓoye komai ba, sabo suke sayarwa da sunan sabo. Wasan yana farawa ne a hannu na uku ko na huɗu, bayan fenti ya ɗan dushe, takardu sun ɗan yi yawo.

Kalmar da ke ɗaga farashi ita ce "ƙarfen Henry", wato bodin da ya fito daga masana'anta a zamanin mai kamfanin. To nawa ne daga cikin bodin ya kamata ya zama na Henry kafin a kira shi haka? Nan ake yin shiru. Akwai motar da abin da ya rage mata na asali bai wuce ƙirjin da gilashi ke zama a kai ba da murfin but, sauran duk sabon ƙarfe ne, amma a takardar talla ƙarfen Henry ce. Kuma lambar mota ba za ta cece ka ba. A 1932 Ford tana buga lambar ne a jikin shasi da kan gidan giya, lambar kuma ba ta faɗin wane irin bodi aka ɗora. Shasin da ya fito da mota mai ƙofa huɗu ta kai yara makaranta na iya wayar gari ɗauke da bodin rosta, da lambarsa ta gaskiya, da takardunsa na gaskiya.

Akwai kuma waɗanda suka sha teku. Da bodi ya yi wuya a Amurka, 'yan kasuwa sun bazama Ajantina da Yurugwai suna kwaso tsofaffin Ford. Ajantina hannun hagu take tuƙi har 1945, don haka da yawansu sitiyarinsu a dama yake. Ana mayar da shi hagu a toshe ramukan, amma mai ido in ya leƙa bangon da ke tsakanin inji da direba zai ga tabon. Wannan ba aibi ba ne, ƙarfen Ford ne na gaske. Abin dariyar shi ne a ce maka motar tun fil azal a wani rumbu take a Kalifoniya, wata tsohuwa ce ta ajiye.

Mafi ciwo shi ne abin da aka yi wa ita kabriyolen kanta. A shekarun da ba ta da daraja, wasu sun sa zarto sun sare ginshiƙanta, sun zare gilashin ƙofa sun toshe bakin da walda, sun ɗora gilashin rosta, don dai a ce su ma suna da ita. Ba ta zama rosta ba, don tsayin ƙofa da faɗin ƙirji na tona asiri, kuma ta daina zama kabriyole. An yi ba wan ba ƙanen. Kowace da aka yi wa haka ta rage adadin da tun farko bai taka kara ya karya ba.

Ga inda lissafin ya dawo wa bora da riba. Ba wanda ya cika kasuwa da sabon bodin kabriyole na ƙarfe yadda aka cika ta da na rosta. Masu saye ba su da yawan da zai biya kuɗin injin buga ƙarfe, ga ƙofar da wuyar ƙerawa. Na faiba akwai nan da can, amma ƙwanƙwasa ɗaya ke fallasa shi. Don haka in ka ga rosta ta 1932 ta ƙarfe, sai ka yi bincike kafin ka gaskata. In ka ga kabriyole ta 1932 ta ƙarfe, mafi rinjayen zato ita ce da kanta. Rashin masoya ne ya tsare ta daga masu jabu.

Sirrin dattawa

Samarin da suka taso da mujallar Hot Rod a ƙarƙashin matashin kai yanzu jikoki gare su. Rosta kuwa ba ta san girma ba. Kujerarta matsattsiya ce, rana na dukan ƙeya, iska na dukan kunne, mai dogayen ƙafafu gwiwarsa na gogar sitiyari. Tafiyar awa biyar a cikinta sai mutum ya kwana biyu yana jin ta a ƙugu. Uwargida ta bi shi sau ɗaya, sau biyu, ta ce ta yafe. Shi ya sa za ka ga dattijo ya iso taro da rostarsa a kan tirela, ya sauke ta bayan otal inda ba mai gani, ya tuƙa 'yar tazarar da ta rage, ya shigo fili yana gyara hula kamar wanda ya keto hamada. Kowa ya sani, ba mai magana, don mai maganar ma tasa tirelar na can bayan wani otal ɗin.

Kasuwa ta riga kowa jin wannan raɗa. A tsakiyar shekarun 2000 aka fito da wani sabon bodin ƙarfe mai suna Dearborn Deuce. Daga nesa rosta ce ta 1932. Matso kusa ka ga an ƙara wa ƙofa tsawo, an sa mata gilashi mai hawa da lantarki, rufin kuma na naɗewa ya ɓuya cikin bodi. Mai karatu, motar da ke da gilashin ƙofa da rufin da ke rufewa ruf, me Ford ta kira ta a 1932? Masu sayenta dai ba su yarda a kira ta da wannan suna ba. Suna son jin daɗin kabriyole da sunan rosta, suka kuma biya kuɗi mai kauri don a haɗa musu biyun.

Su kuwa masu wayon cikinsu tuni suka fara neman ta asalin a hankali. Ba sa sa cigiya a fili, don kada farashi ya tashi. A kasuwar tsofaffin kayan gyara ta Hershey da ke Pennsylvania, ko ta Pomona, za ka ga mutumin da ya shekara arba'in yana rantsuwa da rosta ya tsuguna yana juya wani ƙarfen rufi mai tsatsa, yana tambayar kuɗinsa kamar ba ya so. In ka tambaye shi, na wani abokinsa ne.

Abin da guduma ke faɗa a gwanjo

Kada wannan ya ruɗe ka ka ɗauka juyin mulki ya zo. A watan Nuwamban 2012, a gwanjon Mecum da aka yi a Anaheim, baƙar rostar Tom McMullen mai zanen harshen wuta, wadda ta hau bangon Hot Rod a 1963, ta tashi a kan dala dubu 700. Wanda ya biya wannan kuɗi ƙarfe kaɗan ya saya. Abin da ya saya shi ne sunan McMullen, da bangon mujalla, da hotunan da yara suka manna a ɗakunansu. Irin wannan tarihi rosta ce ta tara shi a tafkunan hamada da shafukan mujallu, kuma ba a komawa baya a ƙera shi. Kabriyole ba ta da gwarzon da ya kafa tarihin gudu da ita har aka san ta da shi, don haka a saman kasuwa ba za ta kamo ba.

A tsakiyar kasuwa ne labarin ya bambanta, inda motoci ba su da sunan wani gwarzo a jikinsu. A nan rosta marar tarihi tana gogayya da dubban sababbi masu kama da ita sak, kuma kullum ƙara buga su ake yi. Kabriyole ta 1932 kuwa abin da ya rage shi ke nan, sai dai ya ragu. A filin da rosta ɗari suka jeru, ja da baƙa, ja da baƙa, ido na gajiya, sai ka ga mutane sun taru kan guda ɗayan da ba su saba gani ba, suna gardamar ko mece ce.

In da mai shirin sayen ɗaya zai saurare ni, ga abin da zan raɗa masa. In kofi kake so da shiga sahun farko, nemi rosta, amma ka tafi da wanda ya san ƙarfe, ku leƙa cikin ƙofa da ƙarƙashin kujera da bayan fenti, ku nemi tsofaffin hotunan motar kafin ku saurari labarin mai ita. In kuwa tuƙi kake so, da abokiyar tafiya a gefe, da motar da ba sai ka rantse kan asalinta ba, nemi kabriyole ta 1932, ka ƙirga ƙarafan rufinta da na gilashinta ɗaya bayan ɗaya kafin ka biya, don abin da ya ɓace a cikinsu sai ka shekara kana nema. Ka kuma yi sauri, don dattawan da na gaya maka sun riga ka fita, kuma aljihunsu ya fi naka zurfi. In wani ya tambaye ka inda ka ji, ka ce a gareji ka tsinta.